Yadda Ake Gane Tsuntsu Mai Cafkar Ƙwari a Lokacin Damina

Daga cikin tsuntsayen da damina ke kawowa ƙasar Wanke da kewayen Gusau, Tsafe da Bunguɗu, akwai wani ɗan ƙarami mai dogon wutsiya wanda masana kimiyya ke kira Terpsiphone viridis. Yakan taso daga kudu idan ruwa ya zauna, ya yi sheƙa, ya koma bayan ɗaukewar ruwa. Yara da yawa, har ma da manya, zalaidu suke ce masa, don kawai sun hangi wutsiya. Wannan kuskure ne da bai kamata malamin Hausa ya bari ya zauna a bakin ɗalibansa ba.

Abin da za a fara dubawa shi ne launi. Kan namijin baƙi ne mai sheƙi da ɗan tukku, bakinsa da kewayen idonsa shuɗi, bayansa da wutsiyarsa ja kamar jan ƙasa, cikinsa kuma toka-toka. Jikinsa bai wuce santimita 17 ba, amma gashin tsakiyar wutsiya guda 2 kan ninka wannan tsawo. Akan sami namiji mai farin baya da farar wutsiya, kuma duk jinsi ɗaya ne. Macen ba ta da wannan doguwar wutsiya.

Sai dai a ganina ɗabi'a ta fi launi saurin bayyana shi, musamman a cikin duhuwa inda ido ke ruɗuwa. Zalaidu mai kaurin baki ne, a fili yake kiwo, yana tsintar 'ya'yan ciyawa a ƙasa, wutsiyarsa baƙa, macensa kuma a sheƙar wasu take yin ƙwai. Shi kuwa wannan inuwa yake bi. Yakan zauna a reshen mangwaro ko tsamiya, ya zabura ya cafke ƙuda ko malam-buɗe-littafi a iska, ya juyo ya sake sauka. Sheƙarsa kamar ɗan ƙoƙo take, an ɗaure ta da yanar gizo a tsakanin rassa, ƙwai 2 ko 3, kuma namiji da mace ke karɓa-karɓa wajen kwanci.

Malamin da zai fita da ɗalibai ba ya bukatar shiga daji, balle da halin tsaron da yankin ke ciki. Lambun mangwaro na bakin gari ya isa, da sassafe, tsakanin Yuni da Satumba. Kowane ɗalibi ya rubuta siffar bakin tsuntsun, da inda ya sauka, da abin da ya ci, kafin a nemi sunansa.