Ɗalibin Jami'a da Sanin Haƙiƙanin Kanjamau

Shirinmu na yau daga Dakata yake zuwa muku, maƙwabciyar Bompai, domin mu tattauna al'amarin ɗaliban Jami'ar Bayero da takwarorinsu, waɗanda akan turo masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa su koyi makamar aiki.

Tun da aka ba da rahoton ɓullar kanjamau a Nijeriya a 1986, da wuya a sami ɗalibin da bai ji sunanta ba. Amma abin da ke damunmu shi ne, za ka iske saurayi mai basira, wanda ya laƙanci lissafin injuna, yana janye hannu daga kwanon shinkafa da wake saboda an raɗa masa cewa abokin cinsa yana ɗauke da cutar, alhali kuwa ba a ɗaukarta ta cin abinci ko musafaha ko cizon sauro, sa'an nan da yamma shi ɗin dai ya miƙa damtse a yi masa allura a kemis, bai nemi a ɓare sabon sirinji a gabansa ba. Mafi yawan kamuwa ta saduwa ne, ana kuma ɗaukarta ta jini, da kuma daga uwa zuwa jariri.

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ita, kuma a Mayun 2024 Gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure. Madalla da wannan. Sai dai ƙwayar cutar takan shafe shekaru tana cin garkuwar jiki ba tare da wata alama ba, saboda haka wanda ya ce sai an sa masa rana zai yi gwaji, haƙiƙa ya yi sakaci da kiyaye rai, wanda malamanmu suka lissafa cikin manyan manufofin shari'a.

'Yan'uwa ɗalibai, wanda ya lazimci shan magani har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa abokin aurensa cutar, kuma dokar tarayya ta 2014 ta haramta a nuna masa wariya a makaranta ko wurin aiki. Ana gwajin, ana kuma ba da maganin, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.