AWON HAƊARIN MAI CIWON ZUCIYA A MAKKA

Ciwon zuciya yana daga cikin manyan abubuwan da ke kashe alhazai a Makka. Dalili kuwa, da yawa daga cikinsu dattawa ne, ga zafin rana, ga cunkoso, ga tafiyar ƙasa: sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya kai kilomita 3.

Ita zuciya tana da nata jijiyoyin da ke ciyar da ita da jini. In gudan jini ya toshe ɗayarsu, sai naman wurin ya soma mutuwa. A asibitoci irin na Birnin Lafiya na Sarki Abdullahi da ke Makka, likita yakan zura siririn bututu ta wuyan hannu har zuciya, ya hura ɗan balan-balan ya buɗe jijiyar, kāna ya sa 'yar ragar ƙarfe ta tokare ta. Wani likita, Andreas Gruntzig, shi ya fara buɗe jijiyar zuciya da balan-balan a Zurich cikin 1977.

To, amma buɗe jijiya ba shi ne ƙarshen magana ba. Waɗansu sukan tashi bayan 'yan kwanaki, waɗansu kuwa sai rai ya yi halinsa a gadon asibiti. Ina yadda likita zai gane wanda ya fi bukatar tsaro?

Cikin 1967 likitoci biyu a New York, Killip da Kimball, suka duba majinyata 250, suka kasa su kashi huɗu. Kashi na farko huhunsu garau yake. Na biyu ana jin alamar ruwa a huhu. Na uku huhu ya cika da ruwa. Na huɗu ƙarfin jini ya faɗi, jiki ya yi sanyi. A na farko mutum 6 cikin 100 suka rasu, a na huɗu kuwa 81. Yau mace-macen sun ragu, amma har wa yau ana aiki da wannan rabo.

Cikin 2000 kuma masana a Amurka suka fito da lissafin da ake kira TIMI, watau a ba kowace alama maki. Shekara 75 zuwa sama, maki 3. Awon jini na sama ya kasa 100, maki 3. Zuciya tana bugawa fiye da sau 100 a minti, maki 2. Ciwon sukari ko hawan jini, maki 1. An wuce awa 4 ba a sami magani ba, maki 1. Iyakar yawan maki, iyakar haɗari. Mai maki da yawa shi za a ajiye a ɗakin kulawa ta musamman. Lissafin ba duba ba ne, ƙiyasi ne daga abin da ya sami dubban majinyata.

Ku lura, ba mai iya rage shekarunsa, amma jinkiri a hannun mutum yake. Alhajin da ya ji nauyi a ƙirji, da gumi mai sanyi, kada ya ce bari ya gama jifa tukuna. A kai shi asibiti nan take. Mai shan magani kuma ya riƙe takardar likitansa a jikinsa. Allah ya ba mu lafiya. Sai wani mako.