Yadda Kamfanin Airbus da Abokan Aikinsa Ke Fafutukar Rage Hayaƙin Jiragen Sama

A duk lokacin da jirgin sama ya ƙone kilo ɗaya na mai, yakan saki sama da kilo uku na iskar kabon, wato iskar nan da masana ke ɗora wa alhakin ɗumamar duniya. Idan aka haɗa dukkan jiragen saman duniya, su ke fitar da kusan kashi 2.5 cikin ɗari na wannan iska. Mai karatu zai iya ganin kamar adadin bai taka kara ya karya ba, to amma inda gizo ke saƙa shi ne, ana iya sa wa mota batir ta yi tafiyarta, amma har yau babu batirin da zai ɗaga jirgi ɗauke da alhazai 300 daga Yamai zuwa Jidda. Duk da haka, a shekarar 2022 ƙasashen da ke cikin Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya sun amince da burin kawar da illar hayaƙin jirage nan da shekarar 2050. Wannan ne ya sa muka duba rawar da Airbus, babban kamfanin ƙera jirage na Turai mai cibiya a Tulus ta ƙasar Faransa, yake takawa a wannan aiki.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Ƙera sabon samfurin jirgi na cin dubban miliyoyin Yuro da shekaru masu yawa, kuma Airbus ba ya ƙera injin da kansa, daga wurin kamfanoni irin su Rolls-Royce na Birtaniya da Safran na Faransa ake samo shi. Don haka a shekarar 2008 Tarayyar Turai ta kafa shirin bincike na haɗin gwiwa mai suna Clean Sky, da jarin Yuro biliyan 1.6, wato sama da biliyan 1,000 na kuɗin sefa, rabi daga Tarayyar, rabi daga masana'antu. Zagaye na biyu ya fara a 2014 da kusan Yuro biliyan 4, sannan a 2021 aka gaje shi da shirin Clean Aviation.

A irin wannan tsari, jami'o'i da cibiyoyin bincike su ke kawo dabara, ƙananan kamfanoni su ƙera sassa, shi kuwa Airbus babban aikinsa shi ne ya harhaɗa su a jikin jirgi na gaske, ya tashi da shi sama, a ga ko abin da aka lissafa a kwamfuta zai tabbata.

Gwaje-gwajen da suka ba da sakamako

A watan Satumba na 2017, wani jirgin gwaji samfurin A340 ya tashi da sababbin ƙarshen fukafukai, waɗanda kamfanin Saab na Suwidin da GKN na Birtaniya suka taimaka wajen ƙerawa. An yi su sumul matuƙa domin iska ta zame a kansu ba tare da ta hargitse ba, saboda hargitsewar iska ce ke jan jirgi baya, ta sa ya ƙara shan mai. Aikin yana da wuya ƙwarai, domin ko ƙwaro ne ya maƙale a gaban fiffiken yana iya ɓata tafiyar iskar. Abin da ake hanƙoro a nan shi ne rage hayaƙi da kusan kashi 5 cikin ɗari.

A shekarar 2021 kuma, Airbus da Rolls-Royce da cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus da kamfanin mai na Neste da ke Finlan sun tashi jirgin A350 da man da ba na fetur ba zalla, irin wanda ake sarrafawa daga man girki da aka riga aka yi amfani da shi da sauran kitse. Wani ƙaramin jirgi ya riƙa bin sa a baya yana auna abin da ke fita daga injin. An gano cewa ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara da ke haddasa farin layin nan da muke gani a bayan jirgi sun ragu da fiye da rabi. Wannan na da muhimmanci, domin shi ma farin layin yana riƙe zafi a sararin sama.

A watan Nuwamba na wannan shekarar, jirage biyu samfurin A350 suka tashi daga Tulus zuwa Montiriyal ta Kanada, ɗaya na bin ɗaya da tazarar kilomita 3, suna kwaikwayon yadda dinya da sauran tsuntsaye masu tafiyar nesa ke jeruwa, na baya yana hawa iskar da na gaba ya tayar. Kamfanin ya ce an rage sama da tan 6 na iskar kabon a wannan tafiya guda.

Inda aka yi tuntuɓe

To sai dai ba kowane yunƙuri ne ya kai gaci ba. A 2020 an dakatar da shirin E-Fan X na gwada jirgi mai haɗa inji da lantarki tun kafin ya tashi. A watan Satumba na shekarar, Airbus ya sanar da aniyarsa ta fito da jirgin fasinja mai amfani da iskar haidirojin nan da 2035, amma a farkon 2025 ya amsa cewa lokacin ba zai yiwu ba. Dalilan a fili suke. Kafin a zuba haidirojin a tanki sai an sanyaya shi zuwa digiri 253 ƙasa da sifili, kuma yana cin wuri ninki huɗu na man jirgi. Ga shi babu wadataccensa a kasuwa, filayen jirage ma ba su da wurin ajiye shi.

Darasin da muka gani a nan shi ne, babban alkawarin da ya fi jan hankalin 'yan jarida shi ne ya ja baya, ci gaban da ake iya taɓawa kuwa kaɗan-kaɗan yake zuwa: kashi 5 daga fiffike, wani kaso daga inji, wani daga mai.

Ina ruwanmu?

Akwai ruwanmu har da tsaki. Tun daga 2025 dokar Tarayyar Turai ta wajabta gauraya kashi 2 cikin ɗari na sabon man a cikin man da jirage ke sha a filayenta, adadin zai kai kashi 6 a 2030, da kashi 70 a 2050. Wannan mai ya ninka na yau da kullum tsada, kuma a 2024 bai kai ko kashi 1 cikin ɗari na man jiragen duniya ba. Ke nan ɗan kasuwa ko ɗalibin da ya taso daga Turai zuwa Akkara, Duwala ko Njamena zai ji a aljihunsa.

Na biyu, ban da 'yan kaɗan irin su Ethiopian Airlines, wanda ya karɓi A350 tun 2016, kamfanoninmu da dama tsofaffin jirage suke saye ko haya, masu shan mai da yawa, don haka sabuwar fasahar kan iso mana a makare. Na uku, idan buƙatar sabon man ta ƙaru, za a juyo neman albarkatun gona a Afirka. Ya kamata hukumominmu su tsaya tun yanzu, kada gonar gero da dawa ta koma gonar man jirgi, kuma idan za a sarrafa man, a sarrafa shi a gida.

Yankinmu na Sahel na cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗar fari da ambaliya, alhali mafi yawan mutanenmu ba su taɓa shiga jirgi ba. Saboda haka muna da haƙƙin bibiyar waɗannan alkawura, mu kuma tambayi masu yin su inda aka kwana.