Buroka a Legas, Hausa a Jibiya

Kowace shekara, in an gama girbi, samarin Madarunfa da yawa suna tafiya cin rani Legas. Suna komowa da ƴan kuɗi, da wani irin Turanci da ake kira Buroka. Shi ne harshen kasuwa da tashar mota a kudancin Najeriya. Har wasunsu suna cewa wanda ba ya jin Buroka bai cika ɗan Najeriya ba.

To, a wuce Ɗan Isa, a shiga kasuwar Jibiya. Can ma Najeriya ce. Mai gero, da mai awaki, da dillali, duk da Hausa suke ciniki. Tsohuwa mai saida daddawa ba ta san Buroka ba, amma ba wanda ya taɓa ce mata baƙuwa.

Nan gida ma, an daɗe manomin da bai yi lakwal ba yana shiga biro kamar baƙo, don ba ya jin Faransanci. A watan Maris na 2025, dokar sabunta ƙasa ta maida Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki. Yanzu manoman Madarunfa suna jiran ranar da kowa zai karanta takardar gonarsa da kansa.