Manhajar da muke biya amma ba tamu ba: darasi daga Khartoum da Omdurman

Da yawa daga cikinmu mun tarar da zamanin da mutum zai sayi manhaja a faifan CD, ya ɗora ta a kwamfutarsa, shi ke nan ta zama tasa. Zai yi shekaru yana aiki da ita, da intanet ko babu, ko da kamfanin da ya ƙirƙire ta ya rufe. Wannan zamanin yana shuɗewa. Manyan kamfanoni suna janye manhajojin da ke zaune a cikin kwamfuta, suna maye gurbinsu da na haya, waɗanda ake biya duk wata ko duk shekara, ko kuma waɗanda ba sa buɗuwa sai ta intanet.

Kamfanin Adobe, mai Photoshop da masu buga littattafai da fastoci ke amfani da ita, ya sanar a watan Mayun 2013 cewa ba zai sake fitar da sabon zubi na sayarwa ba, sai dai a yi rijista ana biya. Microsoft ma ya karkata ga wannan tsari da Office 365, wanda yanzu ake kira Microsoft 365, duk da cewa har yau yana sayar da zubin da ake biya sau ɗaya. A ranar 14 ga Oktoban 2025 ya daina kula da Office 2016 da Office 2019, a watan Mayun shekarar kuma ya rufe Skype baki ɗaya.

Bambancin a fili yake ga duk wanda ya san saye da haya. Abin da muka saya namu ne. Abin haya kuwa amfaninsa kawai muke da shi, makulli yana hannun mai shi. Manhajar haya takan tuntuɓi kamfaninta ta intanet lokaci-lokaci don a tabbatar an biya. Idan Word na Microsoft 365 ya yi kimanin wata guda bai samu wannan tabbaci ba, zai bar mutum ya karanta takardunsa, amma ba zai bar shi ya gyara ko ya rubuta sabuwa ba. Wadda take zaune kacokan a intanet kuwa, da layi ya yanke ta tafi.

Ba za mu hana kamfanonin gaskiyarsu ba. Tsarin yana sauƙaƙa toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi, kuɗin farawa kaɗan ne, kuma wanda aka sace wa kwamfuta zai tarar da aikinsa a ajiye a rumbun kamfanin. Sai dai an gina shi a kan zaton abubuwa uku: intanet ba zai yanke ba, katin banki zai yi aiki, kuma gwamnatin ƙasar da kamfanin yake ba za ta hana shi hulɗa da mu ba. Sudan ce ƙasar da aka jarraba ukun duka, kuma ba baƙuwa ba ce a gare mu. Hausawa sun daɗe a can tun zamanin tafiya hajji a ƙafa, kafin yaƙi kuma ɗalibanmu sun cika Jami'ar Afirka ta Duniya da ke Khartoum da Jami'ar Musulunci ta Omdurman.

Mu fara da takunkumi. A watan Nuwamban 1997 gwamnatin Bill Clinton ta hana kamfanonin Amurka kasuwanci da Sudan. Tun da manyan kamfanonin manhaja na Amurka ne, ɗan Khartoum ya wayi gari ba shi da halin sayen lasisi ko da kuɗinsa a hannu. A 2009 Microsoft ya toshe manhajarsa ta hira, Windows Live Messenger, ga mutanen Sudan da wasu ƙasashe huɗu. A farkon 2014 dandalin karatu na Coursera ya rufe wa ɗaliban Sudan ƙofa. A watan Fabrairun 2015 aka sassauta dokar kan manhajojin sadarwa, a Oktoban 2017 kuma aka ɗage takunkumin kasuwancin. Abin lura shi ne, a tsawon waɗannan shekaru ashirin manhajar da ke kan faifai ta ci gaba da aiki a ofisoshi da jami'o'i, domin babu mai iya kashe ta daga nesa. Ta haya kuwa dannawa ɗaya ta ishe ta. An ga haka a Oktoban 2019, lokacin da Adobe ya sanar zai rufe asusun duk masu hulɗa da shi a Venezuela saboda takunkumin Amurka, kafin daga baya a ba shi izinin ci gaba.

Sai katse intanet. Bayan tarwatsa masu zaman dirshan a gaban hedikwatar sojoji a Khartoum ranar 3 ga Yunin 2019, hukumomi sun yanke intanet na wayar hannu, wanda akasarin jama'a suka dogara da shi, har tsawon mako biyar. Wani lauya mai suna Abdelazim Hassan ya kai kamfanin Zain kotu ya yi nasara, sai aka mayar masa da layinsa shi kaɗai. Sauran jama'a sai ranar 9 ga Yuli. An sake yankewa fiye da mako uku bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021. Mu ƙaddara ɗalibin da kundin digirinsa yake a rumbun wani kamfani a ƙetare: aikin nasa ne, kwamfutar tasa ce, amma ba shi da hanyar isa gare shi.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya ƙara fito da lamarin. A watan Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani sun ɗauke, aka ɗora alhakin a kan dakarun RSF. Manhajar Bankak ta Bankin Khartoum, wadda mutane suka koma kanta bayan an rufe bankuna, ta daina aiki ga wanda ba shi da layi. Wuraren dafa abincin sadaka na unguwanni, da ake kira takaya, da dama sun sauke tukwane saboda gudummawa ta kasa isowa. Bankak ta waya ce, ba ta kwamfuta ba, amma ciwon ɗaya ne: hakkinka yana nan a rubuce, hannunka ba ya kaiwa.

Hausawa na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma a 2021 an rufe layukan waya a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato. Don haka ga abin da ya kamata makarantunmu da ofisoshin masallatai da ɗalibai su yi.

Kafin mu dogara da wata manhaja, mu kashe intanet mu gwada ta. In ta ƙi buɗuwa, mun san matsayinta. Rajistar ɗalibai, lissafin zakka da wakafi, da sautin karatuttukan malamai, a ajiye kwafinsu a kwamfuta da filashi, a wurare biyu daban, masu muhimmanci kuma a buga su a takarda. Kada tashar YouTube ko shafin Facebook ya zama shi kaɗai ne ma'ajiyar tafsirin shekara ashirin. A riƙa adana takardu a tsarin da kowace manhaja ke buɗewa, irin su PDF da ODT. A koyi LibreOffice da GIMP, waɗanda kyauta ne, halal ne a kwafa a raba, kuma ba sa neman izinin kowa kafin su buɗe. Ɗaliban ilmi sun riga sun san daɗin wannan a Maktaba Shamila, wadda ke buɗe dubban littattafai babu intanet.

Ba cewa muke a guje wa manhajar haya ba, tana da ranarta. Amma mu shige ta da sanin cewa kayan aro ba ya rufe katara. Allah Ya dawo wa 'yan'uwanmu na Sudan da zaman lafiya.