Tsofaffin Jiragen Ƙasa na Wasa da Wuyar Mararraba

A Amurka da ƙasashen Turai akwai dattawa, har da masu furfura, waɗanda suke kashe kuɗi da lokaci wajen tara tsofaffin jiragen ƙasa na wasan yara. Waɗansu na gwangwani ne, ana ba su wani da makulli kamar agogon dā. Waɗansu kuwa da lantarki suke tafiya. A gidaje da yawa na Amurka akan shimfiɗa ɗan layin dogo kewaye da itacen Kirsimati, a fito da jirgin da kaka ya yi wasa da shi yana yaro, jikoki su zauna a ƙasa suna kallo.

Sana'ar ta daɗe. Kamfanin Märklin na Jamus ya fito da jirage masu daidaitaccen faɗin dogo a kasuwar baje koli ta Laifzig a 1891. An kafa Lionel a Niyok a 1900, Hornby na Libaful a Ingila kuma ya soma sayar da nasa a 1920. Awon da ya fi shahara a zamanin shi ne wanda ake kira O, wato milimita 32 tsakanin ƙarfe da ƙarfe.

Mutanen Zariya da Jos sun san zancen faɗin dogo. Ƙaramin jirgin da yake haɗa garuruwan nan biyu har zuwa 1957 faɗin layinsa ƙafa 2 da inci 6 ne, babban layi kuwa ƙafa 3 da inci 6, don haka tilas a sauke kaya a Zariya a sake lodi. To, mai karatu zai zaci in faɗi ya zo ɗaya magana ta ƙare. Ina! A miƙaƙƙen layi kowane jirgi gwani ne. Sai an zo mararraba, inda layi ya rabu biyu, a nan ake sanin wanda zai wuce.

Dalili shi ne, kowace ƙafar jirgi tana da leɓe ta ciki wanda yake hana ta zamewa daga kan ƙarfe. A mararraba dole ƙarfe ɗaya ya ratsa wani, sai maƙera su bar ɗan rami domin leɓen ya bi. Daura da wurin kuma akwai guntun ƙarfe mai tsaro, wanda yake riƙe ɗaya ƙafar kada ta bi hanyar da ba tata ba. Kowane kamfani ya auna ramin nan da ƙafafun jiragensa kaɗai. Bai damu da na maƙwabci ba, ai ciniki ne.

Dubi labarin Marx, wani kamfanin Amurka da ya yi suna wajen jirage masu araha. Yawancin kawunan jirginsa na kafin 1950 suna da faifai mai haƙora manne a bayan ƙafa, kuma girmansa ya kai har bakin leɓen. Masu tarawa suna ce musu masu ƙafa mai kauri. A kan dogon Lionel suna gudu lafiya lau, gama faɗin ɗaya ne. Amma da sun iso mararrabar Lionel mai ƙarfen tsaro, sai haƙoran su hau kansa, jirgi ya yi tsalle ya kife. Mararrabar Marx ba ta da wannan rami, guntun layin ne gaba ɗaya yake juyawa. Mutum ya sayi kan jirgi mai kyau, ya sayi mararraba mai tsada, kowanne lafiyayye, amma ba su shan inuwa ɗaya. Kuma in haƙori ya karye, ba kowane kanti ne yake da madadinsa ba.

Lanƙwasa ma tana da nata. Lionel yana da dogon da da'irarsa take inci 27, da mai inci 31. Doguwar tarago a ƙaramar lanƙwasa takan fiddo ciki ta bugi akwatin da yake motsa mararraba.

Ga kuma lantarki. Jiragen Lionel ƙarfe uku gare su, na tsakiya ne yake ba da wuta, kuma a mararraba yana yankewa kaɗan. Gajeren kan jirgi yakan rasa wuta a daidai wurin ya tsaya cik. Hornby Dublo da ya fito a 1938 shi ma ƙarfe uku ne, a faɗin milimita 16.5. In an ɗora shi a kan dogon yau mai ƙarfe biyu zai zauna daram, amma ƙafafunsa za su haɗa wutar hagu da ta dama, ba zai motsa ba.

Saboda haka gwanaye ba sa gaggawa. Kafin su kunna wuta sukan tura jirgin da yatsa a hankali ya ratsa mararraba, gaba da baya, ta kowane reshe, ido a kan ƙafafu. In ya ɗaga ko ya cije, sun ga matsalar ba tare da asara ba. Sukan duba ƙafafun kansu, domin waɗansu na dā an zuba su da tutiya mai gauraye da dalma, wadda takan kumbura ta tsattsage bayan shekaru. A ganina wanda ya ɗauki magagari ya goge tsohuwar ƙafa don ta wuce ya yi ɓarna, gama ya rage darajar abin da ba a ƙera irinsa kuma. Gara ya canza mararrabar.

In Allah ya sa irin wannan jirgi ya faɗo hannunku daga kayan gwanjo, iyaye su lura da abu biyu. Taransifoma ta Amurka an yi ta ne don wuta mai ƙarfin 110 zuwa 120, tamu kuwa ta haura 220, kuma tsohuwar waya takan bushe ta fashe. A kai wa mai gyaran lantarki tukuna. Fentin dā kuma sau da yawa yana da dalma, don haka kada a bar ƙaramin yaro ya sa shi a baki.