Abincin makaranta: wace magana ce gaskiya, wacce ce ji-ta-ji-ta?

A 2005 tashar talabijin ta Channel 4 a Ingila ta nuna wani shiri inda mai girki Jamie Oliver ya shiga ɗakunan girkin makarantun Greenwich, a Landan, ya tarar kwabo 37 kacal na kuɗin Ingila ake kashewa a kan kayan abincin kowane ɗalibi, galibi soye-soye da naman kamfani. Hankalin masu kallo ya tashi, har gwamnatin Tony Blair ta sanar da ware fam miliyan 280 don gyara. Amma a 2006 sai ga wasu iyaye mata a Rotherham suna miƙa wa 'ya'yansu soyayyen dankali ta tsakanin ƙarafunan shingen makaranta, don ba su yarda wani ya zaɓar wa ɗansu abin da zai ci ba. Uwa ko'ina take tana tsoron abin da baƙon hannu zai sa a bakin ɗanta, kuma wannan tsoron ne ke ba ji-ta-ji-ta ƙafa a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa na jihar Kano. Damuwar tana kan hanya, sai dai sau da yawa ana ɗora ta a kan tukunya, alhali matsalar tana wajen kuɗin da ke cika tukunyar.

Mafi nauyin maganganun ita ce wai ana zuba maganin hana haihuwa a abincin yara. Babu wata hujja da ta tabbatar da haka. Zargin ba daga sama ya faɗo ba: mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara lokacin annobar sanƙarau a 1996 ba, kuma irin wannan zargi ne ya sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a jihar daga 2003 zuwa 2004. Wanda ya tuna da Trovan ba wawa ba ne. Amma a duba yadda abincin ke zuwa. Shirin ciyarwa na tarayya da gwamnatin Buhari ta ƙaddamar a 2016, don 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamaren gwamnati, an gina shi ne a kan matan gari: ita mai dafawar ake tura wa kuɗi ta banki, ta auno shinkafa da wake a kasuwa irin ta Kwanar Dangora ko Tudun Wada, ta dafa, ta kawo a kula, ta raba da ludayi, yara na jere da robobinsu. Cikin masu layin akwai 'ya'yan maƙwabtanta, wani lokaci har nata. Haka ciyarwar da Kwankwaso ya fara a zangonsa na farko na gwamnan Kano, ya kuma dawo da ita bayan 2011, a hannun mutanen gari take.

Wasu kuma na cewa ɓarnar kuɗi ce, gara a gyara ajujuwa a ɗauki malamai. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin kwanon shinkafa ba ya koyar da karatu, kuma tsumburewar da binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu a fiye da rabin yaran Kano 'yan ƙasa da shekara biyar tana faruwa ne tun kafin yaro ya shiga aji. Abincin tara ba zai warware ta ba. Amma yaron da ya fito gida bai karya ba, ko wanda ake so a tura gonar masara da damina, ko yarinyar da tallarta ke cika cefanen gida, abinci na cikin abin da ke zaunar da su a aji. Ko a Greenwich, masu bincike Michèle Belot da Jonathan James sun gano sakamakon jarrabawa ya ƙaru, fashin makaranta irin na rashin lafiya kuma ya ragu, bayan an gyara abincin.

Batun wai an ciyar da ɗalibai da biliyoyi lokacin kullen korona, makarantu na rufe, rabi gaskiya ne. A 2020 an raba ɗanyen abinci ga gidaje a Abuja, Legas da Ogun, kuma ministar jinƙai ta lokacin, Sadiya Umar Farouq, ta ce kimanin naira miliyan 523 aka kashe. Tambayar ko ya isa hannun masu shi halal ce.

Maganar da ba ta da ja ita ce abincin ya yi kaɗan, kuma ba ya ɗorewa. Naira 70 aka tsayar wa kowane yaro a rana tun farko, sai a 2022 aka amince da naira 100, kuɗin da zuwa 2024 ko ƙwai ɗaya ba ya saya. Mai dafawar da aka ba wannan kuɗi, wani lokaci ma a makare, dole ta rage awo ko ta tsinka miya, sannan a zage ta a gari a ce ta ci haƙƙin yara. A Janairun 2024 Shugaba Tinubu ya dakatar da shirye-shiryen hukumar tallafa wa jama'a ta NSIPA, har da ciyarwar, bayan zargin almundahana da ya kai ga dakatar da minista Betta Edu. Abin takaici ne a ce yankin da ke noma masara, dawa, wake da shinkafa, ga ruwan madatsar Tiga a kusa, yaransa na zama a aji da yunwa. Kwamitin iyaye da malamai na kowace makaranta na da ikon tambayar nawa aka turo, yaushe aka turo, yara nawa aka rubuta, nawa kuma ke cikin aji da gaske.